Tsutsarki Ta Yi Fukafukai

Zuwa ga hasken idona, raɓar safiyata, Malamar ƙwari wadda ta fi zuma zaƙi a bakina,

Kin san ni. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Da aron zarto na fara, yau ina da shago mai ƙofa biyu, da injin yanka katako, da ma'aikata masu gaishe ni a tsaye. Ni na yi wa mahaifiyata rufin ɗaki, ni na kai ƙannena makaranta, duk da ni a sakandare na tsaya. Amma wallahi duk wannan bai kai abin da ya faru a shagona yau da safe ba. Tsutsarki ta yi fukafukai!

Kin tuna ranar da na kawo akwatunan gilashin da kika sa na haɗa wa ajinki? Na same ki durƙushe bayan makaranta, kyamara a ido, kina lallaɓa ƙwaron nan mazari kamar mai lallashin jariri. Na yi gyaran murya, ya tashi, kika harare ni. Wannan hararar ce ta gama da ni. Da na faɗa miki abin da ke raina, sai kika miƙo mini kwalba da koriyar tsutsa a ciki, kika ce ni mutum ne mai gaggawa, in na raine ta har ta tashi zan ji amsarki.

Ni da ƙwaro bai taɓa gifta ni ya tsira daga takalmina ba! Na koma mai tsinko ganyen lemo kullum, ina wankewa, ina shanyawa. Da ta daina ci ta maƙale jikin tsinke ta ƙame cikin kwanso, na zaci na kashe ta, na kashe kaina tare da ita. Na hana kunna inji kusa da ita. Ma'aikatana har suna tambayata ya jikin mai jego.

Yau kwanson ya tsage. Ƙwaron ya fito a jiƙe, a yamutse kamar tsumma, na tsaya ban taɓa shi ba kamar yadda kika koya mini, har ya buɗe fukafukai: baƙi da ɗigon rawaya, da ja kaɗan a gefe. Malam-buɗe-littafi, a shagon kafinta! Wa ya ga irin wannan kyau in ba a fuskarki ba? Na ɗauke shi hoto, na buɗe taga, ya tafi.

To, sanyin zuciyata, na cika nawa. Ina amsata? Zan zo gobe bayan an tashi ɗalibai, kuma ko me kika ce, ni naki ne har ƙasa ta rufe idona.

Sai dai abu guda. Hoton nan zai hau bangon ajinki, ni zan yi masa firam. Ki rubuta a ƙasansa da manyan baƙaƙe wanda ya raini wannan ƙwaro. Kada ki sa "wani kafinta". Sunana cikakke za ki sa, har da na mahaifina.

Naki har abada,
Kafintanki