Zuwa ga Iliya, a kan tambayar Iya Saratu

Ɗan'uwana Iliya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kana hutawa a inda ka riga mu zuwa.

Damina ta yi nisa a Furana. Rake ya fi mutum tsayi. In iska ta ratsa shi da yamma, sai in ji kamar muryarka ce lokacin da muke makarantar Baibul, kana karatu a hankali a gindin ɗorawa.

Ka tuna gardamarmu? Ni na ce tauhidin da bai sa mutum ya hau keke ya shiga ƙauyuka ba, ado ne kawai. Kai kuwa ka ce, "Bitrus, sanin Allah ma ai bauta ce." Da muka gama, na taho nan aikin bishara, kai ka zauna a Maƙarfi cikin littattafanka har ciwon ƙirji ya ɗauke ka. Ranar jana'izarka na ji ana raɗa, wai duk karatun nan ko ikkilisiya ɗaya ba ka kafa ba.

Kwanakin baya na je duba Iya Saratu, wata tsohuwa makauniya a majami'armu. Jiki ya yi nauyi. Na kai mata kunu da magani. Ta riƙe hannuna ta ce, "Fasto, ranar tashin matattu, da waɗannan idanun zan tashi? Ban taɓa ganin fuskar 'yata ba."

Kunu ba ya amsa wannan, Iliya. Maganarka ce ta zo bakina, wadda ka sha maimaita mini: jikin nan namu shi za a tayar, a sabunta shi, ba za a yar da shi ba. Na faɗa mata da Hausarmu ta gida. Sai ta kira 'yar tata ta shafa mata fuska. Ta ce, "To, ranar ki tsaya kusa, kada in yi ta nema."

Har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Da ban taka zuwa ɗakin nan ba, da maganar tana kwance a littafi. Amma da ba ka zauna ka karanta ba, da kunu kaɗai zan kai mata.

Iya Saratu ta cika ranar Laraba, rana tana faɗuwa. In kun haɗu ba za ka sha wuyar gane ta ba. Ita ce za ka ga tana kallon komai.

Allah ya ba ku hutawa, ya kuma haɗa fuskokinmu a gabansa. Amin.

Naka har kullum,
Bitrus