Ya Cike Lotsawar Ƙofar Motar Baba, Ya Ce Kuskure Ya Gyara Min

Assalamu alaikum Admin da duk 'yan wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana. Na daɗe a gurup ɗin nan ban taɓa tofa baki a maganar kowa ba, karantawa kawai nake in wuce, yau dai abin ya zo kaina. Shawararku nake roƙo, kuma kafin Juma'a nake buƙatarta.

Ni ɗaliba ce, ina karanta fannin haɗa haƙoran roba. A Gyaɗi-Gyaɗi muke zaune ni da Umma, ni ce auta, Baba ya rasu shekara shida ke nan. Yawancin karatunmu ɗaukar siffa ne, a ɗauki siffar bakin mutum a zuba a fitar da irinta sak. Ba ni da yawan ƙawaye, ba na zuwa biki sai dole, sai na juya abin da na koya kan ƙananan motoci, ba na wasan yara ba, irin waɗanda masu sha'awa suke jerawa a shokes. Yadda ake yi, da farko za a sassaƙa mota ɗaya da hannu, ita muke kira uwa. A shafe ta da man da zai hana mannewa, a zuba mata silikon ya daskare, a buɗe a hankali a zare ta, ramin da ta bari shi ne mazubi. A ciki ake zuba rezin, wani ruwa ne mai kauri da ake haɗawa da maganin daskarewa a kan sikeli, sai 'ya'ya su fito kamar uwar. Duk abin da ke jikin uwa, ko ƙarzanen farce ne, sai ya fito a jikin 'ya'yan. Shi ya sa duk mai wannan aikin ya san ba a taɓa uwar wani.

Uwar da na fi wahala a kanta ita ce akori-kurar Baba. Da ita ya yi shekaru yana ɗauko kayan gwari yana kawowa kasuwar Tarauni, da ita ya ciyar da mu, bayan rasuwarsa aka sayar da ita wajen rabon gado, ban san inda ta faɗa ba. Hotuna uku kawai suka rage, ukun duk daga ɓangaren direba aka ɗauke su. Wata goma sha ɗaya na yi ina yankan filastik ina lanƙwasawa ina gogawa, tsawonta bai kai tafin hannu da rabi ba, amma har igiyar da yake ɗaure kwanduna na yi mata.

Ɓangaren da hoto bai nuna ba, wato ƙofar mai zaman banza, ta gefen fasinja, a can akwai wata lotsawa. Ranar da Umma ta tashi haihuwata Baba ya ɗauke ta a gaggauce, wajen fita daga lungunmu ya goga ƙofar da ginshiƙin gidan maƙwabta. Har ya rasu bai kai wa mai gyaran bodi ba, duk wanda ya yi masa maganar sai ya ce a bar masa, takardar haihuwar Auta ce. Ni na san da lotsawar amma ban riƙe siffarta ba, sau huɗu ina yi Umma tana cewa ba haka take ba. A na biyar ta ce in kawo. Na shafa wa ƙofar ɗanyen foti, wani kwaɓi mai laushi da ake cike rami da shi, ta sa kan ɗan ƙaramin yatsanta ta danna, ta ja shi baya kaɗan, ta ce to ga ta nan. Da ya bushe fenti kawai na bi, ban goge ko'ina ba, in aka kai ido kusa har zanen yatsanta ana gani. Tun daga ranar motar ta koma shokes ɗinta. Idon Umma ya yi rauni, amma duk safiyar Juma'a in tana goge kwanuka sai ta ɗauko motar ta shafa ƙofar nan sannan ta mayar. Ban riga na yi mata mazubi ba, ina jira a gama jarrabawa in zauna in yi a natse.

To, yanzu ga mutumin. Mijin yayata ne, yana da shagon kayan waya a Tarauni. Bari in kira shi Injiniya, tunda haka ya rubuta a jikin shagon, ko da yake iyakar injiniyancin da na taɓa gani ya yi shi ne manna gilashi a fuskar waya, shi ma sai da kumfa a kusurwa. Irin mutanen nan ne da in sun kalli bidiyon minti uku sun zama malamai. Ya yi kiwon zomo, ya yi haɗa turare, ya yi sabulun ruwa, kowanne sai da ya buga masa kati, kowanne kuma a bayan gidansu ya ƙare. Da can in ya zo ya tarar ina goga da samfefa sai ya ce Likitar haƙori an koma wasan yara, wa zai auri mace mai warin fenti. Ni dai sai in gaishe shi in ci gaba da abin da nake.

Ina cikin jarrabawa ya zo gidan ba na nan, ya ce wa Umma ta ara masa motar zai nuna wa wani abokinsa. Kun san uwa da suruki, kunya ba za ta bar ta ta hana ba, ta naɗe a ɗankwali ta ba shi. Na kira yayata ta ce gobe, gobe ta zama sati uku. Ana cikin haka wata 'yar ajinmu ta turo min bidiyo tana tambaya ko wannan ba motata ba ce. Ga Injiniya a shagonsa da farar riga irin ta ɗakin gwaje-gwaje, ban san wa ya ara masa ba, ya jera ƙananan akori-kura a kan kanta, yana bayanin yadda ya daɗe yana bincike kafin ya ƙirƙiro wannan fasaha, yana kira ga matasa su tashi su daina zaman banza.

Na tsayar da bidiyon na buɗa hoton na duba su ɗaya bayan ɗaya. Kunya ce ta kama ni a madadinsa. Jikinsu duk ƙananan ramuka kamar masu ƙyanda, saboda ya kwarara rezin lokaci ɗaya iska ta maƙale. Biyu sun tsage a rufi, alamar ya zabga maganin daskarewa da ka, ba sikeli, abin ya yi zafi ya fashe. Ɗaya tana tsaye a kan taya uku. Mazubin ma yana gefe yana nuna shi da alfahari, da silikon ɗin liƙe gilashin taga ya yi, wanda ake matsowa daga bututu, mai warin tsami. A ƙasan bidiyon mutane suna ta sa masa albarka, wani har yana cewa irinsu ake nema a ƙasar nan. Wannan duk bai ɗaga min hankali ba, wallahi ya riƙe sunan, ba na so, ni ko hotona ba na sakawa. Abin da ya dame ni shi ne da ya juya ɗaya a hannunsa, na ga ƙofar mai zaman banza sumul.

Na gaya muku 'ya'ya ba sa ɓoye abin da ke jikin uwa. Tun daga nan na san abin da zan gani.

Ranar Lahadi ya dawo da ita a cikin kwalin caja, ba ko auduga. Allah ya sa Umma ta tafi dubiya. Madubi ɗaya ya karye, a ƙasan bodin ga sawun sukundireba inda ya ɓanɓaro ta daga mazubin don bai shafa mai ba. Ƙofar kuwa ya cike ta da bodi-fila na masu gyaran mota, ya goge da samfefa mai kaushi har ya cinye layin ƙofar, ya fesa wani shuɗi mai ƙyalli wanda bai ko yi kama da na motar ba. Yana tsaye a tsakar gidanmu yana kaɗa makulli ya ce min:

"Ƙanwata, kin yi ƙoƙari fa, amma akwai wani kuskure a ƙofar nan, na gyara miki. Ba sai kin gode ba."

Na mayar da ita cikin kwalin na rufe. Ni haka nake, in raina ya ɓaci bakina rufewa yake. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, ya ci gaba da koya min sana'ata, wai kwastoma ba ya son abu mai tabo, wai in rage tsoron maganin daskarewa, in ana zuba shi da yawa aiki ya fi sauri. Shekara bakwai yana auren 'yar gidan nan, ya ci tuwon Baba, ya shiga motar nan da ƙafarsa ta wannan ƙofar, bai taɓa lura da ita ba, bai kuma ga ya dace ya ɗaga waya ya tambaya ba kafin ya sa samfefa a abin da ba nasa ba.

Bayan ya tafi na kira yayata na faɗa mata. Ita ta san labarin lotsawar, sai ta fara roƙona kar in bari Umma ta sani. Ta ce dama Umma ba ta gama sakin jiki da shi ba tun maganar zomaye, in ta ji wannan ba za ta yi faɗa ba, shiru za ta yi masa, kuma shirun Umma ya fi faɗa ciwo, ita ce za ta kwana a tsakiya. Ta ce ai ni gwana ce, in sake lotsa wajen kawai, wa zai gane. Na ce mata sau huɗu na gwada a baya Umma tana ganewa, da ido ma ke nan, balle yanzu da yatsa take dubawa. Na yi ƙoƙarin ɓanɓare filar da allura ko na tarar da na ƙasa, ashe sai da ya kankare fotin tukuna don filar ta kama. Babu abin da ya rage. Babu hoto, babu mazubi. Siffar nan a wuri ɗaya kawai take yanzu, a hannun Umma.

Kamar wannan bai isa ba, jiya ya aiko min da saƙon murya. Mazubinsa ya yage a zubi na goma sha wani abu, wanda ko ɗan aji ɗaya zai faɗa masa haka za a yi, ga shi wasu masu tara ƙananan motoci sun gayyace shi zamansu ranar Asabar ya zo ya yi bayani. Yana so in sake ba shi uwar, ko ma in zo shago in yi masa mazubin da kaina tunda hannun mata ya fi laushi, zai sa sunana a matsayin mai taimaka masa. Sau biyu na saurari saƙon don in tabbatar kunnena ne ya ji. Yayata ta biyo baya da nata, wai in yi haƙuri in rufa masa asiri, ya riga ya amsa wa mutane.

Gaskiya ko ya tsaya a gaban masu tara motocin nan ba sai na tona shi ba, tambaya ɗaya za su yi masa a kan awon rezin ya fara kame-kame. Ba ya cikin lissafina. Uwar kuma ba zan sake ba shi ba ko da a ce duk dangi za su taru, wannan na gama yankewa. Inda na rasa yadda zan yi shi ne Umma.

Motar tana ɗakina a cikin durowa. Na ce mata madubi ya karye ina gyarawa, kuma gaskiya ne, sai dai rabin gaskiya ce, ban saba yi mata haka ba. Juma'ar nan in ba ta same ta a shokes ba za ta shigo ɗakin da kanta. In na lotsa ƙofar da hannuna na mayar, yaudararta na yi a kan abin da ya rage mata na mijinta, kuma ina kyautata zaton yatsanta zai gane. In na faɗa mata gaskiya, na kankare filar na shafa sabon foti na miƙa mata ta sake dannawa, za ta tambaya wa ya shafe na farko, ba zan iya cewa ni ce ba, yayata kuma ta ce in har na faɗa to na zaɓi motar roba a kanta. Na ma yi tunanin in ɗauki laifin, in ce faɗuwa ta yi a hannuna, amma in na tuna zan yi wa mahaifiyata ƙarya don in kare mutumin da yake jiran in gode masa, sai in ji ba zan iya ba.

Ban kuma san ko daidai ne in sa ta sake zama ta tuno ranar nan ba. Ranar da ta danna na farko, bayan ta ce ga ta nan, tashi ta yi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Don Allah iyaye mata da ke cikin nan, da duk wanda ya taɓa shiga tsakanin uwa da 'yar'uwa, ku faɗa min. In gaya mata komai in bar yayata ta ji haushina, ko in ɗauki laifin da ba nawa ba, ko akwai wata hanyar da ban hango ba? Yau da safe ina shirin fita makaranta ta leƙo ta ce min, "Auta, in madubin ne zai ɗau lokaci ki maido min ita haka nan, ni ba madubin nake dubawa ba."

Na ce mata to. Yau Laraba.