Rantsuwar da Na Yi Kan Gonarka

Takalau, Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.
9 ga Afrilu, 1984.

Zuwa ga ƙanena Atiku,

Assalamu alaikum, in har yanzu kana amsa sallama. Bayan gaisuwa irin ta jini, wadda ko an so ko an ƙi sai an yi ta, ina roƙon Allah Ya sa takardata ta same ka lafiya a can Rasha, Ya ba ka sa'ar karatun likitan da ka tafi yi, Ya kuma shirye ka. Mu nan lafiya muke, sai zafin bazara. Maigidana Malam Hodi ya warke daga ciwon ido, ni ma na koma aji wajen ɗalibaina. Ƙanwarmu Riskuwa ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, an sa mata Kulu. Ranar Lahadi na dawo daga Argungu, inda aka raba gadon Baba. Maganar da ta zaunar da ni ke nan, kuma ba da daɗin rai nake rubuta ta ba.

Ka tuna takardar da ka aiko mini bara, shafi huɗu cif. Ka ce ka daina yarda akwai Allah, wai mutumin kirki ba ya buƙatar tsoron kowa kafin ya yi kirki. Ka kawo misalin malaminka na asibiti, wanda goshinsa bai taɓa dungurar ƙasa ba amma ya fi uwa tausayin marasa lafiya. Ka jera shi da Yaya Maigandi, ɗan sahun farko a masallaci, wanda ya ci iyakar gonar marayun Tamba. Ka rufe da cewa kai ba ka yi wa kowa ƙarya, shi ya sa ka gaya mini gaskiya. Ban amsa maka ba a lokacin, don Baba na kwance muna jinya. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, sai na haɗiye.

To yau ga amsarka. Halin Maigandi ba kai za ka karanta mini shi ba, na riga ka saninsa. Amma ranar da uwar marayun nan ta tsaya ƙofar gidansa ta ce Allah Ya isa, kwana biyu ya yi bai ci abincin kirki ba. Ya san ya yi ɓarna, ya kuma san wanda aka kai wa ƙararsa. A ƙasar taku da aka rufe masallatai, matar da ba ta da kowa, wa take kai wa kuka? Kai da kake tinƙaho da gaskiya, a Rasha ka koyo ta? Baba ne ya koya maka, ranar da ya zazzage buhu bakwai na albasa a kasuwa don ya ga ka cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Ba wanda ya gani sai shi, ya ce maka Mai gani Ya gani. Ka sha ruwan rijiya ka ƙoshi, yanzu kana cewa babu wanda ya haƙa ta.

Ga abin da ya faru. Sama'ila da kuke karatu tare ya zo hutu, ya baza a Argungu cewa ba ka salla, ba ka azumi. Ranar rabo muna zaune a tsakar gida, ga Baffa Labbo, ga malamin da aka ɗauko ya raba, sai Maigandi ya tashi ya ce kada a sa sunanka, wanda ya bar addini ba ya gadon Musulmi. Gonar shinkafar nan ta bakin gulbi yake hange, wadda kowa ya san kai za ta faɗa wa. Malamin ya ce ba a fitar da mutum daga Musulunci da ji-ta-ji-ta, sai da shaida. Maigandi ya nuna ni, ya ce ni kaɗai kake rubuta wa, in akwai magana tana hannuna. Bai san tun ranar addu'ar bakwai ta Baba na cusa takardar cikin murhu ba. Na ce ban san komai ba. Ya ce in rantse. Baffa ya sa aka ɗauko Alƙur'anin Baba, ya ce in tashi in yi alwala.

Na tashi na yi alwalar. Inna tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da kayan takaba, idonta na kaina. Wata huɗu ba su cika ba da ta rasa miji, in na buɗe baki ta rasa ɗa. Na dafa Littafin Allah, na rantse ban taɓa ji daga bakinka ko alƙalaminka cewa ka bar addini ba. Aka shafa fatiha, aka ba ka gonarka. Baffa zai riƙa noma ta har ka dawo.

Da na iso Birnin Kebbi na tambayi wani malami, na ce wata ƙawata ce abin ya samu. Ya ce rantsuwar ƙarya da gangan ba ta da kaffara, ba azumin kwana uku, ba ciyar da miskinai goma, sai dai tuba da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Ka ji inda ka kai ni. Ba na iya mayarwa sai na tona ka. Haƙƙin Maigandi, shi ɗin dai, yanzu a wuyana yake. Tun ranar in na ɗaga hannu zan yi addu'a kunya nake ji. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma kai ka ja, ni aka doka.

Na san ka da iya tsara magana. Za ka ce ai ga shi, ƙauna ce ta sa na cece ka, ba tsoron Allah ba. Kada ka kuskura ka rubuto mini haka. Ni ban kira abin da na yi kirki ba, saɓo ne, na san sunansa, na san wanda na saɓa wa. Gaskiyar da kake taƙama da ita ba ta ci maka komai ba sai kan sarkin da ka manna wa ambulan. Ka sauke kayanka a kaina, ka koma ɗakin karatu da zuciya wasai. In wannan ne kirkin marasa tsoron Allah, na gan shi, ya ishe ni. Ina fushi da kai, Atiku, fushin da ban san ranar hucewarsa ba. Kada ka sake aiko mini da takarda sai in labarin komawarka salla ne a ciki.

Ka gai da Usmanu ɗan Ambursa, in kuna haɗuwa. Baffa Labbo da Goggo Zainabu suna gaishe ka, haka Malam Hodi, wanda bai san komai ba. Inna ta ce in gaishe ka da kyau. Ta ce in tambaye ka yadda kake alwalar asuba cikin wannan sanyi naku, don abin na damun ta. Na ce mata da ruwan ɗumi kake yi.

Yayarka,
Laure