Gwangwani na Tara

Zuwa ga Baba Mai Almakashi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki?

Baba, kai kake yanka finafinan Darakta kana haɗawa tun ba a haife ni ba, don Allah ka fitar da ni daga duhu. Gari ya ɗauka wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe. Wasu sun ce labarin mahaifiyarsa ne, wasu sun ce babu magana a cikinsa sam, irin na da. Ni jarumar fim ɗin ban san ƙarshensa ba.

Shekara shida ke nan ina zaune a ɗakin da ya shirya: rediyo mai katako, labule ruwan ƙasa, agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu ya hana a gyara. Wai in zauna ɗakin ya saba da ni. Kar in canja gyaran gashi, kar in yi ƙiba, kar in karɓi wani aiki. An dakatar da ɗaukar fim ɗin ina riƙe da mariƙin ƙofa, saura fitata, sai ya ce zaren fim na gwangwani ya ƙare, shi kuwa ko za a yanka shi ba zai taɓa kyamarar zamani ba.

Wani kamfani ya kira ni aiki, sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Na gaji, Baba. Matar nan da nake fitowa a matsayinta za ta fita ko kuwa?

Taka,
Jaruma

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, gwiwa ce dai take gardama.

Masu hasashe ba su da aikin yi. Ni a ganina ba za ta fita ba. Fim goma sha ɗaya na haɗa masa, ko kyanwa bai taɓa bari ta bar gida ba. Amma an kwantar da shi a asibiti, ya ba ni makullin sito. Zan duba.

Ki ci abinci, ƙibar ta zo, mu ga wanda zai kama ki.

Babanki

'Yata,

Sallama. Zauna kafin ki karanta.

Akwai gwangwani na tara, ya rubuta "ƙarshe" a murfinsa. Na ɗora a na'ura. Ke ce, ranar farko da aka tashi aiki: kika ɗauki jakarki, kika buɗe ƙofar, kika waiwayo kina dariya, kika fita. Ashe kyamara na aiki. A firjin sito kuma ga gwangwani uku na zaren fim sababbi, ko buɗe su ba a yi ba.

Na je asibiti na tsare shi. Ya juya fuska bango ya ce, "In na gama, me zan tashi in yi da safe?"

Raina ya ɓaci, kuma ya ba ni tausayi. Fim ya ƙare tun shekara shida. Ki tafi.

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi kuka, na haɗa jaka. Gobe wata zai ƙare.

Tun safe nake tsaye, hannuna a kan mariƙin ƙofar. Ba a kulle take ba, ba a taɓa kulle ta ba. Na kasa murɗawa, jira nake a ce mini "fara", kamar a gaban kyamara.

Don Allah ka zo da wuri, ka tsaya a waje ka faɗa da ƙarfi.

'Yarka