Sandar Mai Inuwa

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da 'yarmu mai jego, da ɗan baƙon nan da ya ƙwace mini mata. Ki gaya masa ina sane da shi. Ya ƙafar taki? Kina shafa maganin, ko yana ƙasan jaka kamar kullum?

Ni dai ina nan, shago a buɗe, agoguna na tafiya, amma raina a jagule yake. Jiya Laraba muka yi taron ƙungiyarmu ta Hannu Da Yawa a ɗakin nan na saman kantin magani, Likita shugabanmu ya ce in ba da rahoton itatuwa. Malama, cikin dashe ɗari da ashirin da muka jera daga tashar mota har makaranta, guda ɗaya tak ke da rai, na ƙofar gidanmu. Sauran duk sun zama ƙirare.

Kin san tushen abin. Hoton Mai Inuwa, shugaban garin nan na farko, yana rataye bisa kanmu, kuma da labarinsa muke buɗe kowane taro. Wai ya dasa itace dubu a wuni ɗaya, ya juya bai waiwaya ba, ko ɗigon ruwa bai ba su ba. Wai ya kafa sandarsa a ƙasa, ta yi tsiro. To ni da bakina na ce mu bi sawunsa: mu dasa ranar ruwan farko mu bar su, don itacen da aka shagwaɓa saiwarsa raggwanci take yi. Aka yi mini tafi, aka ɗau hoto. Ruwa ya yi mako uku ya ɗauke ƙafa.

Lauya, kin san shi da iya tsara magana, ya miƙe ya ce mu ba jinin Mai Inuwa ba ne, hannunmu ba irin nasa ba, a soke aikin itatuwa kowa ya huta. Nan da mako biyu za a kaɗa ƙuri'a, kuma ranar ni ke da juyin kawo labarin buɗe taro. Da wane ido? Shekara goma sha tara ni ke riƙe da ƙararrawa ina katse wa mutane magana in sun wuce minti goma, yau ga ni ina neman wanda zai katse ni. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin durowa ƙarƙashin gwangwanin batir. Kunya nake ji, wallahi.

Ki gaishe da surukinmu. Ki ci abinci.

Naki har kullum,
Mai Agogo


Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi, kuma na ji yaro ya fara murmushi. Ai dole, an ce da ni yake kama.

Takardarki ta iso, faɗan ma ya iso bai zube a hanya ba. Kin ce maimakon in zauna ina tagumi, in je wurin tsohuwar Nas ɗin nan ta bayan gidan waya, tunda jikar Mai Inuwa ce. Na bi maganarki. Na fake da agogon bangonta da ya tsaya, na je da akwatin aikina ranar Asabar.

Ina kan kujera ina duba cikin agogo na kawo mata zancen itace dubu. Malama, matar nan ta yi dariya har da tari, sai da na sauko na ba ta ruwa. Ta ce sau uku kakanta yana dasawa, sau uku suna mutuwa, har mutanen gari suka laƙaba masa Mai Ƙirare. Kakarta ta gaya mata cewa a karo na uku ya zauna a bakin hanya ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Daga nan ya bi gida-gida yana sallama, yana roƙon kowace uwar gida ta riƙe itace ɗaya, ta riƙa juye masa ruwan wanke-wanke maimakon ta watsar. Shi kuma duk mako yana zagayawa da bokiti, yana ɗingishi, don gwiwarsa ba lafiya. Shekara bakwai a haka!

Na ce to sandar fa? Ta ce iska ce ta kwantar da wani ɗan dashe, bai ga abin tokarawa ba, ya kafa sandarsa ya ɗaure shi a jiki, ya koma gida yana dafa bango. Sanda ta ruɓe, itace ya girma, masu baki suka ƙarasa sauran. Hoton nan ma da muke zama a ƙarƙashinsa, mai zanen bai taɓa ganinsa ba. Wai gajere ne, ko kafaɗata ba zai kai ba.

Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini bokitin, duk ya lotse, an yi masa faci biyu. Na riƙe shi sai na ji idona ya cika. Ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba.

Yanzu fargabata Laraba. In na faɗi wannan, Lauya zai ce na ci mutuncin magabata don in wanke kaina. Ki sa ni a addu'a. Agogonta dai ya tashi, ƙura ce kawai.

Naki,
Mai Agogo


Zuwa ga Malamata, hasken gidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Zauna da kyau, yau akwai labari.

Na je da Nas, na je da bokiti. Matakala goma sha huɗu, tana hawa tana tsiya wai waɗanda ba su iya ba itace ruwa ba su ne suka iya taro a sama. Na ajiye bokitin a kan tebur, daidai ƙarƙashin hoton, na fara da cewa ni ne na yi kuskure, sannan na faɗi duk abin da na ji, ita tana gyara mini. Da minti goma ya cika na kai hannu zan kaɗa wa kaina ƙararrawa, sai na tarar Likita ya sa ta a aljihu, yana kallon rufi kamar ba shi ba.

Lauya ya miƙe, na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Ya daɗe yana kallon bokitin. Sai ya ce a ƙofar gidan da aka haife shi akwai wani babban itace da ake kira Na Inna, kakarsa ba ta yarda a watsar da ruwan wanki ko'ina sai gindinsa, kuma har yau bai taɓa tambayar dalili ba. Ya koma ya zauna. Karo na farko ke nan da na ga Lauya ya gama magana ba a kaɗa masa ba.

Aka ɗaga hannu a kan a ci gaba da aikin itatuwa, mutum biyu kawai suka ƙi, su ma na ga alamar yunwa ce ke damunsu. Za mu sake dasawa, amma ba rami ɗaya da za a tona sai an sami gidan da ya ce ya riƙe. Kowannenmu ya ɗau ƙofa shida. Ni na riga na yi sallama a huɗu, uku sun karɓa, ta huɗun ta ce sai ta ga idon Malama tukuna. Hoton yana nan inda yake, mun dai buga ƙusa a gefensa mun rataye bokitin. Takardar ajiye aiki kuwa na naɗe tsofaffin batura da ita.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Itacen nan na ƙofar gida da na yi ta cewa sa'a ce ta raya shi. Kin tuna sau nawa na yi miki faɗa a kan kwanon ruwan wanke-wanke, ina cewa kina ɓata mana tsari? Kika ce to, kika ci gaba da abinki in na tafi shago. Na je har bayan gidan waya neman Mai Inuwa, ashe shekara talatin da ɗaya muna gida ɗaya da ita. Ki yafe mini.

Tun tafiyarki ya ɗan yi yaushi, amma yanzu safe da yamma ina ba shi, da kwanon naki. Shekaranjiya ya fitar da sabon ganye biyu. Ki dawo ki gani, don ni dai na lura bai saba da hannuna ba, ke yake jira. Ba shi kaɗai ba.

Mijinki mai jiranki,
Mai Agogo