Kurangar Baba Ta Yi Kuka

Tulbagh,
3 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Ursula,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Neville da 'yan biyu. Allah ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin New Zealand ya sassauta miki. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Mama tana Bellville wurin autanmu Clive, tana cin abinci, tana faɗa da kowa, kin san alamar lafiyarta ke nan. Ni kuwa yau kwanana ashirin da huɗu ni kaɗai a gidan hutun nan da Baba ya bar mana mu uku.

Kwanakin duk kamarsu ɗaya. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, na ga shafin Talata da na Juma'a kusan ba su da bambanci: kofi da busasshen burodi a baranda, zabi su ratsa tsakar gida ƙarfe bakwai, tarakta ta wuce zuwa gonakin inabi, iska ta taso da la'asar ta rufe mini ƙofa. An ce hutu na zo yi, amma ban san dalilin da ya sa zama yake gajiyar da ni fiye da ofis ba. Sau huɗu ina ɗaukar waya in kira ki, ina ajiyewa. A waya magana takan suɓuce mini, shi ya sa na zauna na rubuta.

Yaya, na yi ɓarna. Kin san tun rasuwar Baba makonnina na zama a gidan nan a Yuli suke faɗowa, tsakiyar hunturunmu, kuma a lokacin ne Oom Dawid, tsohon nan na maƙwabta da ya ƙare rayuwarsa a gonakin inabi, yakan shigo ya datse rassan kurangar inabin da Baba ya shuka a kan baranda. Bana Clive ya roƙe ni mu yi musanya saboda hutun yaransa, na ɗauki Satumba. Shi bai san akwai wani aiki a Yuli ba, ni ban tuna na gaya masa ba, Oom Dawid kuma yana kwance a asibiti. Da na iso na tarar da kurangar ta yi buzu-buzu, sai na ɗauko littafin Baba daga cikin durowa. Komai yana ciki da rubutun hannunsa: wane reshe ake bari, idon toho nawa ake ƙirgawa, yadda ake karkata almakashi. Na bi shi layi-layi, ban tsallake ko ɗaya ba. Abu ɗaya ne kawai bai rubuta ba, wato watan da ake yi, don shi bai taɓa buƙatar a tuna masa ba.

Washegari na fito na ga baranda a jiƙe, alhali ba a yi ruwa ba. Kowane wurin da na yanka yana ɗiga. Ashe ruwan itacen ya riga ya hau, na makara da mako shida. Kwana tara tana kuka, Yaya. Na jera kofunan Mama a ƙarƙashinta, ban ma san amfanin yin hakan ba, ina zubarwa ina rubuta adadi. Garin gyaran gira na tsone ido.

Da aka sallamo Oom Dawid, ya dogaro sandarsa ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce wai yankan ya yi kyau ƙwarai, ko Baba sai haka, sai dai na yi wa amarya kitso bayan an watse daga biki. Ya kira ni malamar ofis, ya tambaya ko kurangar ma na ba ta takarda ta sa hannu kafin in taɓa ta. Na tambaye shi ko za ta mutu. Ya ce ƙaramar kuranga takan yi kukanta ta share hawaye, amma wannan shekararta arba'in da ɗaya, kuma shi ba ya rantsuwa a kan tsofaffi, don shi ma bai zaci zai fito daga asibiti ba.

Kuskurena na biyu shi ne aika wa Clive hoto. Ranar Asabar ya zo da matarsa Shireen da abin awo. Ya ce dama kurangar ba ta kawo komai sai zanzaro da kashin tsuntsaye a kan kujeru, tun da na kashe ta da hannuna na rage masa aiki. Yana so a tumɓuke ta a kafa rufin kwano, a gina wurin gashin nama. Shireen ta dafa kafaɗata ta ce kada in damu, wai ko furen roba aka ba ni sai ya yi yaushi. Na yi dariya tare da su, sai da suka tafi na rasa abin da ya ba ni dariyar. Clive ya riga ya yi magana da magini, zai zo makon farko na Nuwamba. Amma kin tuna ƙa'idar Baba: ba a cire komai, ba a gina komai, sai biyu cikin ukunmu sun yarda. Shi ɗaya, ni ɗaya. Saura ke.

Ba zan ɓoye miki ba, Clive yana da gaskiyarsa. Shi ke hawa tsani idan rufi ya yi yoyo, ni kuwa ga abin da hannuna ya jawo. Kurangar manyan hannuwa biyu gare ta, wato manyan rassanta, kuma na ɓangaren kicin har yau ƙeƙasasshe ne, na ƙanƙare shi da farce ban ga ɗanye ba. Amma a kwana na goma sha bakwai, hannun da ke wajen tagar ɗakinki ya fito da toho uku. Oom Dawid ya ce kada in yi murna tukuna, sai an ga bazara ta wuce. Abin da nake roƙo ke nan, Yaya, ba har abada ba: ƙasa da shekara ɗaya. Idan Yuli ya zagayo ba ta farfaɗo ba, ni da kaina zan riƙe wa maginin tsani. Ki kira Clive kafin ƙarshen wata, kuma don Allah kada ki bar shi ya fara magana, kin san bakinsa.

Ki gaishe mini da Neville, ki sumbaci Tamsin da Joel, ki ce musu ina ajiye da zanen da suka aiko. Mama tana gaishe ki, ta ce kin rame a hoto. Oom Dawid ma ya ce a gaishe ki, wai mai satar inabi tun bai nuna ba.

Na so in saka miki ganyen farko a cikin ambulan, sai na tuna ma'aikatan kan iyakarku za su ƙone shi don ba a shiga ƙasarku da ɗanyen ganye, kuma ba ni da zuciyar tsinke shi. Don haka na kai takardar har gindin reshen, na zagaye ganyen da fensir. Ki juya bayan shafin nan. Bai kai girman farcen babban yatsanki ba, amma jiya bai kai haka ba.

Ƙanwarki mai jiran amsarki,
Verona