Dankalin da Aka Ce a Zubar

Mama,

Ina gaishe ki daga Mendoza. Ya ƙafar taki, ya Fermin ɗinmu da tumaki? Ni ƙalau nake, yatsuna ne kawai sanyi ya ɗan tsattsaga, kada ki sa a ranki.

Raina dai a ɓace yake. Watan jiya na ga sama fes da yamma, iska ta ɗauke, na ce wa mai gonar, Don Anselmo, a lulluɓe tulin dankalin da ciyawa, don irin wannan daren raɓa ke daskarewa. Ya ce, "Ke Nicolasa, ki bar canfinku na mutanen dutse can garinku Potosi." Da safe raɓa ta daskare, dankali ya ƙandare. Mutumin nan ya dubi idona ya ce sakacinmu ne, a zubar.

Ban zubar ba. Na tattake shi da ƙafa ruwan ya fita yadda kika koya min, rana ta busar, na adana don girki. Ki aiko min da safar ulu.

Jiya matarsa ta ji ƙamshin miyar da na yi da shi, ta miƙo kwano. Na ce, "Uwargida, canfi ne a tukunyar, ba cimarku ba ce."

Allah ya bar min ke.

'Yarki,
Nicolasa